Na Faɗi Yayana A Gaban Anti Babba

Ku matso kusa 'yan uwa, yau bakina cike yake da magana, kuma ba zan ɓoye muku ba, da kaina a sama nake rubuta wannan. Ga waɗanda yau suka fara cin karo da ni, Auta ake ce min a gida. Mu biyu ne a wurin Umma tun rasuwar Abba, ni da Yaya. Yaya kurma ne, ba ya ji kuma ba ya magana da baki. Yana da matarsa da yaransa a gidansa can nesa da mu, yana kuma da shagon ɗinkin kujeru da ya fi na kowa ciniki a layinsu. A shagon nan na yi wayo, kuma tun da na gama karatu ni ke riƙe masa harkar kwastomomi da ma'aikata.

Sai kuma mutumin naku. Mai Turare na sa masa a wayata, don ƙamshinsa kan riga shi shigowa wuri ya kuma ƙi bin sa in ya tafi. A shagon muka haɗu, ya kawo gyaran kujerun motarsa, saboda haka ya san Yaya tun ranar farko, suna ma wasa da dariya, Yaya in zai ambace shi da hannu toshe hanci yake yi da yatsu biyu. Ƙarshen watan nan manyansa za su zo gidanmu a yi maganar aure. Abin da suka sani a gidansu shi ne ina da wa ɗan kasuwa. Nan labarin ya tsaya a wurinsu.

Mai Turare ne ya ga tallar aikin ya turo min. Wani babban kamfanin katifu da kujerun ofis ke neman mai kula da sashen ɗinki, kuma yayarsa, wadda duk gidansu ke kira Anti Babba, ita ce shugabar sashen ma'aikata a wurin. Da ya yi mata maganata cewa ta yi, "Ta zo kamar kowa, ban san ta ba sai ta fita daga ɗakin." Ba mu taɓa haɗuwa ba, hotonta kawai na sani. Kun ga ke nan intabiyu biyu zan shiga a kujera ɗaya.

Safiyar ranar ko mai ban gama shafawa ba Gwaggo ta yi sallama. Ƙanwar Abba ce, kuma maganar aurena ta ɗauke ta tamkar albashi ake biyan ta a kai. Ta tarar na shimfiɗa kaya a gado ina ta juya su. Ta ɗaga doguwar rigata ruwan toka mai duwatsu a wuya ta taɓe baki.

"Wannan rawa za ki je ko neman aiki?"

"Gwaggo ita ce fa ta fi min kyau."

"Shi ya sa za ki ajiye ta. Mace ba ta son ganin matar ƙaninta ta fi ta walƙiya ranar farko."

Ta zaɓar min ruwan ƙasa marar ado ko ɗaya, da mayafi ruwan madara, da takalmi marar tsini. Jan baki ma sai da ta sa na goge rabi. Da na kalli madubi sai na ga kamar zan je gaishe da marar lafiya. Umma ta shigo da kofin shayi ta ajiye a kan durowa, ta zauna a bakin gado ta ce in zauna kusa da ita. Tun daga yadda take gyara min bakin mayafin da bai karkace ba na san inda za a je.

"Auta, ba cewa muka yi ki yi ƙarya ba. Abin da ba a tambaye ki ba kada ki faɗa. In kuma maganar ta taso, kin san abin da muke cewa. Sanƙarau ne ya kama shi yana ƙarami."

Jama'a, sanƙarau bai taɓa sanin hanyar gidanmu ba. Haka aka haifi Yaya, kamar yadda aka haifi ƙanin Abba mai rasuwa, wato ƙanin ita wannan Gwaggon da ke tsaye a kaina riƙe da ƙugu. Amma ba na ganin laifin Umma sosai. Shekarun baya wani malamin makaranta ya neme ni har magana ta yi nisa, ranar da mahaifiyarsa ta ji kurmancin Yaya na gado ne ko sallama bai dawo ya yi mana ba. Ni na yi kukan sati na share hawayena, Umma kuwa har yau abin bai bar ta ba.

"Kuma ki riƙe hannayen nan naki," in ji Gwaggo. "Ke ba ki iya cewa ina kwana ba sai kin yi ta fifita da su. Ki ɗora jaka a cinya ki damƙe ta da hannu biyu har ki fito."

Gaskiyarta a nan. Wanda ya tashi da ɗan'uwa kurma hannunsa kan riga bakinsa magana, ni ko waya nake yi sai ka ga yatsuna suna aiki.

Ina cikin mota wayata ta yi ƙara. Mai Turare ne.

"Gimbiya, kin fito?"

"Ina hanya. Gwaggo ta mayar da ni tsohuwa."

Ya turo fuskokin dariya, sannan ya daɗe yana rubutu.

"Abu ɗaya nake roƙo. Ki ce kin yi aiki a shagon kujeru, shi ke nan. Maganar Yaya ki bar min ita, ni na san yadda zan shigar wa Mama a hankali. Anti Babba ba ta ɓoye wa Mama komai, kin ji."

"Yaushe za ka shigar mata?"

"In komai ya lafa."

Ya haɗo da jar zuciya. Na kalli zuciyar nan, ina son sa, kada ku ji na ce ba na son sa, amma wannan lafawar tun watannin baya nake jin ta. Na jefa wayar a jaka.

Kamfanin ƙato ne, tun daga bakin ƙofa kana jin rugugin injina da ihun ma'aikata suna kiran juna. Aka kai mu wani dogon baranda mai sanyin na'ura, mu da yawa, kowa da fayil a hannu yana motsa baki kamar mai haddar karatu. Wata kusa da ni ta tambaye ni inda na yi aiki, na ce shagon kujeru, ta ce "Ayya" da irin muryar da ake yi wa mutum jaje. Na ce a raina, ki ajiye ayyarki, za ta yi miki amfani an jima.

Da aka kira ni na tarar da mutum uku a bayan dogon tebur. A tsakiya wani dattijo ne mai furfura a gemu, shi ne shugaban masana'antar, fuskarsa a sake. A hagunsa wata matashiya tana ta danna kwamfuta, ita ko ɗago kai ba ta yi ba har na fita. A damansa kuma ga ta nan. Anti Babba ta fi hotonta kwarjini, baƙar doguwar riga, agogo siriri, gilashi a kan karan hanci, kuma idanun nan sak na ƙaninta, sai dai nata ba sa dariya. Na gaishe su, na zauna, na ɗora jaka a cinya na damƙe ta kamar yadda aka umarce ni.

Tambayoyin farko ba su ba ni wahala ba. Yadda ake gane yadin da zai jure zama, abin da nake yi in aiki ya makara kwastoma na tsaye yana kumfar baki, yadda nake raba aiki in oda ta yi yawa. Ina amsawa Dattijo na gyaɗa kai. Anti Babba kuwa rubutu kawai take yi, ban san ko yabo take rubutawa ko tsawon hancina ba.

Can sai Dattijo ya jingina da kujera ya ce, "'Yata, sashen da muke nema wa shugaba ya tara mutane iri-iri. Akwai maza akwai mata, akwai tsofaffi akwai yara, addini ba ɗaya ba, wasu ma yarensu daban ne. Wanda ya bar kujerar rigimarsu ce ta kore shi. Ba mu labari, kin taɓa aiki da mutanen da suka bambanta da ke? Ya kika yi da su?"

Akwai amsar da na haddace a daren jiya, irin ta haƙuri da girmama juna da zama lafiya, wadda na tabbata duk waɗanda ke baranda ita suka haddace. Da na faɗe ta da an gyaɗa kai an wuce, kuma da na fita babu abin da zai tuna musu da ni. Amsar gaskiya kuwa tana shagon Yaya. Sai na ce a raina, shago dai ba a hana ni ambata ba.

"Ranka ya daɗe, a shagon da nake aiki fiye da rabin ma'aikatan kurame ne. Mu masu ji mu ne 'yan tsiraru."

Alƙalamin Anti Babba ya tsaya. Dattijo ya gyara zama ya ce in ci gaba.

Na ba su labarin Baba Kafinta, tsohon da muka ɗauka saboda babu wanda ya kai shi iya haɗa ƙashin kujera. Shi yana ji, amma duk mai wannan sana'ar ya san a baki ake tara ƙananan ƙusoshi ana zaro su ɗaya bayan ɗaya. To Baba da ƙusa a baki yake ba da umarni, ga gashin baki ya rufe leɓe, ga shi ya juya wa mutane baya. Samarinmu kurame kuwa leɓe da fuska suke karantawa. Shi yana ganin yaran sun raina shi, ya yi magana ba su motsa ba. Su kuma suna ganin tsoho kullum fuska a murtuke yana gunaguni, lalle zagin su yake yi. Sai da ta kai ya ɗaure kayan aikinsa zai tafi.

"Sai kika ba shi haƙuri," in ji Dattijo.

"Haƙurin ba zai cire ƙusa daga bakinsa ba, ranka ya daɗe. Tebura muka juya. Da kowa bango yake kallo, yanzu kowa tsakiyar shago yake fuskanta. Muka kuma kafa doka ɗaya da ta hau kan kowa. Mai son magana ya tofar da ƙusa, ya ajiye guduma, ya bari a ga fuskarsa. Baba bakinsa ke cika, su hannunsu ke cika, saboda haka kowa akwai abin da zai ajiye kafin ya yi magana. Yanzu Baba shi ke raba faɗa a shagon, har ya rage gashin bakin da kansa."

Dattijo ya yi murmushi. Na samu ƙarfi na shiga labarin Madam Tela, matar da ke mana ɗinkin rigunan kujeru. Kurma in zai kira ka taɓa kafaɗarka yake yi, a wurinsa wannan ladabi ne. Ita kuwa matar aure ce mai kamun kai, ba ta yarda namiji ya taɓa ta ba, kuma tana da gaskiya. Ranar farko da wani ya dafa ta sai da ta kusa kwaɗa masa almakashi. In an hana su taɓawa an toshe musu baki, in an ce ta haƙura an zalunce ta.

"To ya aka ƙare?"

"Soso, ranka ya daɗe. Guntayen soson katifa da muke sharewa mu zubar. Yanzu kowane tebur akwai kwandonsa. In kana son mutum sai ka jefa guntu ɗaya a gabansa, ya ɗago. Babu taɓawa, babu ihu, kuma ko ya same ka a ido ba zai ji maka ciwo ba. In ka shigo shagonmu da rana za ka ga soso na ta shawagi a sama, baƙo sai ya ɗauka faɗa ake yi, alhali aiki ne ke tafiya."

Dattijo ya yi dariya har yana buga tebur, matashiyar ma na ga kafaɗarta na rawa a bayan kwamfuta. Ya ce dabarar wa ce wannan, na ce ta mai shagon ce, ni dai na tabbatar kowa ya bi. Na ƙara da cewa tun daga ƙofa na ji ma'aikatansu na yi wa juna ihu saboda ƙarar injina, wato su ma in suna bakin aiki ba ji suke yi ba, abin da ya yi mana amfani zai iya yi musu.

A nan ne na lura jakata na ƙasa kusa da ƙafar kujera. Ban san lokacin da ta zame ba. Hannayena kuwa suna sama, ashe tun labarin Baba Kafinta suke ta zuba nasu bayanin, ƙusa, guduma, soso, duk sun nuna. Kuma Anti Babba ba fuskata take kallo ba, su take kallo.

Ta cire gilashi ta ajiye. Karo na farko ke nan da na ji muryarta.

"Mai shagon shi ma kurma ne?"

"Eh, ranki ya daɗe."

"Na ga hannunki ya faɗa sosai. Wannan ba koyon shekara biyu ba ne. A ina kika iya?"

'Yan uwa, ƙofa a buɗe take. In na ce a shago na koya ban yi ƙarya ba, don a can na ƙara gogewa. Fuskar Umma ta zo min, da yadda take gyara mayafin da bai karkace ba. Jar zuciyar Mai Turare ma ta zo min. Amma yanzun nan na gama cin yabo da dabarar mutum, an yi dariya an buga tebur, sannan a tambaye ni shi waye in ce wani mai shago? Wuyana ya ƙi ɗaukar wannan.

"A gida na iya. Mai shagon yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Kafin in iya magana da baki da shi na fara hira."

Fuskar Anti Babba ba ta canza ba ko kaɗan.

"Ciwo ya yi yana yaro?"

Dattijo ya juyo ya dube ta. "Ina ganin wannan ba ta cikin tambayoyinmu. 'Yata, ba dole ne ki amsa ba."

Allah Ya saka wa dattijon nan, ya miƙo min mafaka da hannu biyu. Ga kuma sanƙarau ɗin Umma a kan harshena, kalma ɗaya ce. Amma na san matar nan ba don kamfani ta yi tambayar ba, ita ma ta san na sani.

"Zan amsa, ranka ya daɗe. Bai yi ciwo ba, haka aka haife shi. Ƙanin mahaifinmu ma haka yake. Yaran Yaya ɗaya na ji, ɗaya ba ya ji, kuma duk biyun suna makaranta. Da kuɗin kujerunsa na yi karatun da ya kawo ni gabanku."

Muryata ba ta yi rawa ba, ku rubuta wannan ku ajiye. Anti Babba ta mayar da gilashinta ta rubuta wani abu gajere. Dattijo ya ce sun gode, za a neme ni. Na sunkuya na ɗauki jakata, na yi musu sallama, na fito ina takawa kamar kamfanin na ubana ne.

Sai da na shiga mota abin da na aikata ya sauko min. Ban nufi gida ba, don ba ni da fuskar da zan kalli Umma da ita, kuma na san Gwaggo na nan zaune ta kasa ta tsare. Na ce a kai ni shago. Kafin mu isa saƙonnin Mai Turare sun cika waya.

"Ya ake ciki?"

"Anti ta kira ni, muryarta wani iri."

"Me kika ce mata?"

"Auta don Allah ki ɗaga."

Gimbiyar ma ta gudu, an koma Auta. Ban ɗaga ba.

Na tarar da shago yadda na san shi, injin iska na ta gurnani, Madam Tela a kan kekenta, Baba Kafinta da ƙusoshinsa. Yaya na can ƙurya yana ja wa wata doguwar kujera fata, ya ɗago ya gan ni cikin rigar nan ya fashe da dariya, ya tambaye ni da hannu wa ya rasu. Na harare shi. Ya goge hannu ya ja ni ƙaramin ofishinmu na baya, ya ture yadin da ke kan kujera ya ce in zauna in ba shi labari.

Ban fara ba wayar ta sake motsi, baƙuwar lamba. Na buɗe.

"Ni ce Anti Babba. Aiki naki ne, ki zo ranar Litinin, kuma ba alfarma aka yi miki ba. Ɗaya maganar daban take. Ban faɗa wa Mama ba, ba kuma zan faɗa ba. Ƙanina da ya sani ya rufe mu, shi zai faɗa da bakinsa yau a gabana. Abin da Mama za ta ce ban sani ba, ba zan yi miki alkawarin da ba nawa ba."

Na karanta na sake karantawa. Na nuna wa Yaya layin farko kawai, na rufe sauran da babban yatsa. Ya daka tsalle ya rungume ni, ya leƙa waje ya sanar da mutanen shago, nan take aka ajiye guduma ana ta ɗaga hannuwa sama ana kaɗawa. Da ya dawo ya zauna sai ya tsare ni da ido. Yaya fuska yake karantawa tun yana cikin zani, ba a yi masa rufa-rufa.

"An ba ki aiki kina kamar an kore ki. Me ya faru?"

Daga nan duk da hannu muka yi ta. Na ce masa yayar Mai Turare na cikin masu tambayar. Na ce na ba su labarin soso da na Baba. Na ce na faɗa musu shi yayana ne, kuma haka aka haife shi.

Dariyar ta bar fuskarsa. Na zaci zai ji daɗi, sai na ga ya dafe kai.

"Me ya kai ki? Saura kaɗan fa a gama."

"A gama me?"

Ya ɗauko wayarsa ya nuna min saƙon da Umma ta tura masa ta hannun matarsa tun satin da ya wuce. Wai ranar da baƙin za su zo, in da hali Yaya ya kai wa kwastoman nan na bayan gari kujerunsa, kada aiki ya tsaya saboda zaman gaisuwa. Ban san da saƙon nan ba sai a lokacin.

"Na gane nufinta, kuma ban ji haushi ba," ya ce. "Na riga na shirya da mai mota. Wancan karon ma haka ta ce, ni ne na makara ban fita da wuri ba har matar ta gan ni a tsakar gida. Ni na ɓata miki wancan. Wannan na yi niyyar tun asuba in bar gari."

Yana faɗa yana ɗan murmushi, kamar lissafin yadi yake min. Shekarun nan duka ashe mutumin nan yana yawo da wannan a ransa, shi da ya tsaya a matsayin Abba tun ban san ciwon kaina ba. Kukan da ban yi a gaban Anti Babba ba a nan ya ƙwace min. Na kama hannayensa biyu na riƙe gam, wanda a wurinmu daidai yake da toshe wa mutum baki, sai da na tabbatar ya yi shiru sannan na sake su.

"Ba ka ɓata min komai ba. Kujerun nan su jira. Ranar nan kai za ka buɗe musu ƙofa, kai za ka zauna a kujerar Abba, ni zan tsaya a bayanka in fassara."

"In suka fasa fa?"

"Su fasa."

"Kina son sa, Auta."

"Ina son sa. Shi ya sa nake so in san ko waye shi tun yanzu."

Na share fuska da bakin mayafin Gwaggo, na ɗauki waya na buɗe saƙonnin Mai Turare, sun ƙaru, na ƙarshen yana cewa yana hanyar gida Anti ta ce ya zo yanzu. Na rubuta masa, "Ranar da manyanku za su zo Yaya ne zai tarbe su. In hakan bai yi ba, kada su wahalar da kansu." Na tura kafin zuciyata ta ba ni wata shawarar. Alamun nan biyu suka koma shuɗi nan take. Ya fara rubutu, ya tsaya. Ya sake farawa, ya sake tsayawa. Can sai ga guntun layi.

"Ina ƙofar ɗakin Mama."

Daga nan shiru. Na kife wayar a kan tebur. Yaya ya kawo min ruwa, ya koma bakin aikinsa ya kasa, ya dawo ya zauna yana ta murza tef ɗin awo a yatsa. Umma ta kira ban ɗaga ba, Gwaggo ta kira na bar ta ta gaji. Ma'aikata suka fara tattara kaya ana sallama ɗaya bayan ɗaya, rana ta yi sanyi, mu dai muna zaune.

Yaya ne ya fara jin motsin wayar, don hannunsa na kan teburin. Ya juyo da ita ya duba, ya ɗago ya dube ni, sannan ya turo min ita a hankali. Ba Mai Turare ba ne. Lambar da ya ba ni tun watannin baya ce, wadda na adana da sunan Mamansa ban taɓa samun ƙarfin halin kira ba. Kuma kiran bidiyo ne.

Yaya ya miƙe zai ba ni wuri. Na cafko hannun rigarsa na dawo da shi, na matso da kujerata jikin tasa, na ɗaga wayar har sai da na ga kawunanmu biyu sun shiga cikin allon, nawa da nasa, da ƙurar katako a gashinsa. Sannan na danna koren maɓallin na amsa kiran.